Darasin Iyo a Cardiff

Asabar, ƙarfe takwas, yayyafi bai ɗauke ba.
Ina zaune bayan gilashi,
tawul ɗin Rumasa'u a cinyata.

Ni da aka hana ko leƙa rijiya,
yau 'yata ce a wajen zurfi,
hular roba ta ƙi rufe mata kitso.

Malama Bethan ta busa usur.
Yarinyar ta yi nutso.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku,
a bakwai na koma salati.

Sai ga kanta can gefe,
tana tari, tana dariya.

A bas ta ce, "Umma, sai kin saki jiki
ruwa zai ɗauke ki."
Ban amsa ba.
Jelar kitsonta na ɗiga
a hannun rigata.