Launin Yashi

Da hantsi magatakardar sashe ta miƙo mini takarda:
"Farfesa Shiuli, an gama ƙirga.
Sau dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya
aka ambaci sunanki a mujallun duniya."
Aka kawo shayi mai madara, aka tafa.
A waje Dhaka na ta hayaniyarta,
masu keken haya na kaɗa ƙararrawa cikin ruwan sama.

Na shige ofis, na tura ƙofa.
Maƙala sittin da uku cikin shekara talatin.
Na rubuta kan laka, kan ƙarfen da ke narkewa a duhun ƙasa,
kan gubar asenik da ba ta wari, ba ta ɗaci,
tana hawa bututu cikin ruwa garau kamar hawaye.
Amma rabin ƙirgar nan
maƙala ɗaya ce ta haife shi,
mai shafi tara, a kan launin yashi.

Kuma ba ni na fara ganin launin ba.

Mofiz Hawladar ne, mai haƙar rijiya,
a wani ƙauye can gaɓar Meghna.
Yana tsaye bisa dangwalin gora,
tafin hannunsa na buɗe bakin bututu yana rufewa,
laka na feshe masa ƙirji.
Duk kamu goma sai ya sauko,
ya damƙi abin da ƙasa ta amayo
ya jera a ganyen ayaba.
Ni kuwa ina gefe da kwalabena masu lamba,
yarinya sabuwar digiri, takalmi ya nutse a taɓo.

Ya ce, "Apa, ki daina wahalar da kwalba.
Wannan mai ruwan toka mugu ne,
duk gidan da na tsaya a kansa
sai tafin hannunsu ya yi kirci.
Ki bari mu kai ga jan nan, mai kamar garin bulo.
Bai taɓa ci mini mutum ba."

Na yi dariya a raina.
Shekara huɗu ina auna abin da ya faɗa a numfashi ɗaya.
Na'ura ta ce gaskiyarsa.

Sai na rubuta, da Turancin da ba ya ji,
na sa sunana, da na shugabana, da na baƙon da ya biya kuɗin awo.
A can ƙasa, da ƙananan baƙi:
muna godiya ga ma'aikatan fili.
Injin ƙirga ba ya duba can.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu a Hanoi ana ambatona,
a Uppsala wani ɗalibi na kuskure harafin sunana,
Mofiz kuwa bara waccan aka kai shi makwanci.
Ruwan yashin toka ya sha tun yana goye,
kafin ya san ja, kafin kowa ya sani.
Da na je gaisuwa, ɗansa Jashim bai tambayi komai ba
sai ko ina da ragowar takardar gwajin ruwa,
tasu ta ƙare tun kafin ambaliya.

Na jawo aljihun tebur.
Kwalbar na nan, yashin ya bushe, jan bai kau ba.

Maƙala ta sittin da huɗu tana gabana,
na sa sunansa a farko.
Fom ɗin mujalla ya ƙi wucewa,
yana neman jami'ar marubuci ko cibiyarsa.
Na daɗe ina kallon gurbin.
Shayi ya huce, ruwa ya tsagaita.
Sai na rubuta: Gaɓar Meghna, kamu ɗari da sittin a ƙasa.