Takardar da Aka Ce In Cike

An aiko takarda daga Yamai,
wai in cike ta kafin Laraba:
sunan kowane malamin zane,
makarantar da ya yi, shekarun da ya ɗauka.
Gurbin bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Na zauna gindin dogon yaro a gidan samari,
biro a hannu, shayi na hucewa.

Da Baba Kyari na fara.
Ya dubi tafin hannunsa kamar mai neman tsabar da ta faɗi,
ya ce, rubuta Birni.
Na ce, Baba, Birni unguwa ce, ba lakwal ba.
Ya ce, bi lungunanta ka ɗaga kai.
Duk dagin da ka gani bisa ƙofar zaure,
in ya miƙe, na ubana ne,
in ya ɗan karkace hagu, nawa ne.
Shekara tara ina kwaɓa ƙasa, ina jiƙa makuba,
kafin tsohon ya bar ni in taɓa bango.
Yau masu gida sun koma siminti,
ni kuwa na koma yara.

Barira daga Miriya take zuwa ran Asabar,
yumɓu cikin buhun shinkafa, a bayan kabu-kabu.
Ba ta ƙirga shekaru. Tuluna take ƙirgawa,
su ma waɗanda suka fashe a wuta,
ta ce su ne malamanta.
A garin da jarka ke kwana a layin famfo
ita ke sayen ruwan kwaɓinta.
Yaro ya wanke hannu a kwano,
ta juye a kan yumɓun mako mai zuwa.

Tasi'u bai so magana ba.
Shi ya zana kawunan da ke allunan masu aski
tun daga Zango har bakin Kasuwar Dole.
Shi ya rubuta haƙuri a bayan manyan motoci
masu bin hanyar Agadas,
har ɗaya ta tafi da shi.
Shekara huɗu yana shafa wa gidajen Sabha fenti,
fari, gobe fari, jibi fari,
har idonsa ya manta launin zoɓo.
Ya dawo da tari da buroshi biyu.
Shi ya sa in yaro ya zuba ja kan kore, kore kan shuɗi,
har takarda ta jiƙe ta huje,
ba ya tsawa. Wata yake miƙa masa.

Madam Gaptiya kaɗai ke da takardar shaida,
tana cikin leda, gara ta ci kusurwa.
Shekara talatin da ɗaya tana koyar da lissafi,
tana zana zabi a gefen littafi in taron malamai ya yi tsawo.
Ta ce kada in sa ta.
Ba ita ta kawo ni nan ba, in ji ta, zabin ne.

To, me zan rubuta?
Biro ya yi ta shawagi kamar shirwa bisa mahauta,
bai sauka ba.

Aka kira la'asar.
Inuwar duwatsu ta fara rarrafowa cikin gari.
Na danne takardar da butar shayi, na tafi alwala.

Da na dawo, Zabeiru, ɗan mai gyaran rediyo,
wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba,
ya riga ya cike gurbin da gawayi:
dagi ne ƙarami,
ya ɗan karkace hagu.

Baba Kyari ya kai shi kusa da idonsa mai gani,
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, wutsiyar ta yi kauri.

Haka na aika ta.
Wata biyu ke nan, Yamai shiru.
Yau Asabar, ga ƙarar babur a ƙofa,
Barira na faɗa da direba kan dala goma,
yara sun fita sauke buhu.