Ƙwan Lantarki

Shekara goma sha ɗaya ke nan, Fagmie,
har yau in na shigo gida sai na ɗaga kai
in ƙirga ƙwayayen lantarki.
Kai ka koya mini wannan ƙirge,
lokacin da kake kwance su ɗaya bayan ɗaya,
ka fasa gindin, ka zuba tik a ciki,
ka kara ashana ka zuƙi farin hayaƙi,
ni da Mama muna lalube a duhu,
muna zagin kamfanin wuta.

Daren da iskar teku ta yaye kwanon maƙwabta
ka hau rufi da wuƙar yankan burodi.
Ka ce Dutsen Tebur ya matso da taku uku,
ka ce akwai mutum a cikin famfo
yana karanto sunayenmu.
Sai da ƙarti huɗu suka sauko da kai.

A asibitin Lentegeur likita ta ce in zauna.
Ta ce wasu mako guda ya ishe su,
guba ta fita, muryoyi su bi bayanta.
Wasu kuwa guba ta tafi
ta bar ƙofa a buɗe.
Na ce ƙanena wane ne a ciki?
Ta ce sai dai mu jira.

Ku uku kuka sha a bayan makaranta,
ƙwai ɗaya, ashana ɗaya.
Shamiel ya warware kafin azumi,
yau motar haya yake ja a Mitchells Plain,
'ya'yansa biyu, in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai.
Denzil ya warke, ya koma, ya warke, ya koma,
a karo na huɗu aka tsince shi gefen layin dogo
ba takalmi, ba numfashi.
Kai tun ranar ba ka ƙara taɓawa ba,
ko sigari ka bari,
amma mutumin famfo bai ji labarin tubarka ba.
A shekara ta uku aka sauya sunan ciwon a katinka,
suna mai tsawo,
irin tabon da ba ya jin sabulu.

Yanzu allura ce duk wata.
Ta ƙara maka jiki, ta sa hannunka rawa,
ta tafi da dariyar nan taka mai firgita tantabaru.
Sau biyu ka ce ka warke, ka ƙi zuwa,
sau biyu na haɗa maka jaka.
Mama ta rasu tana tambaya ko laifinta ne.
Yarinyar da ta ce za ta jira ta jira shekara biyu,
ban ga laifinta ba.

Da asuba jirgin ƙasa biyu kake hawa zuwa Kalk Bay,
ka yini kana feɗe kifi a bakin ruwa.
Maigidanka ya ce ba ka makara, ba ka surutu.
Bai san surutun da kake yi wa kunnen uwar shegu
daga safe har yamma ba.

Jiya na same ka a kicin,
famfo a buɗe, ka karkata kai.
Gabana ya faɗi.
Na ce yana nan?
Ka ce yana nan, Galiema, amma ya tsufa,
yanzu kuɗin kifi kawai yake tambaya.

Ka kashe ruwan.
Ka zaro sabon ƙwai daga aljihun rigarka,
na baranda ya mutu tun Lahadi, ban ce komai ba.
Ka hau kujera, na riƙe ƙafafunta.
Sau uku yana kuɓuce wa yatsunka
kafin ya zauna.

Haske ya sauko a kan furfurar da ban san kana da ita ba.
Ka ce, bakwai ne,
ba sai kin ƙirga ba.