Shuɗin da Ba Ya Cikin Kabad

Asabar da la'asar, Sabon Gari na ta ƙugin janareto,
ni kuwa ina bayan coci da dutsen guga na gawayi,
don wutar lantarki ba ta da alkawari,
Lahadi kuma ba ta jiran kowa.

Kabad ɗin Fada Dogara ƙofa biyu ne, ɗaya ba ta rufuwa.
A ciki shekara take rataye, kafaɗa da kafaɗa.
Ba na duba kalanda. Hannuna ya san wata.

Koriya ta fi kowa shan wahala.
Ita ce rigar yau da gobe,
mako talatin da 'yan kai tana hawa bagadi
har wuyanta ya koɗe kamar zogalen da aka shanya.
Sau uku na yi mata faci, ba wanda ya lura.
Haka ake yi wa mai zuwa kullum.

Fara ba ta son hannu mai manja.
Sai Kirsimeti, sai Ista, sai ranar ɗaurin aure.
Bara kakin kyandir ya ɗiga a ƙirjinta,
na ɗora takarda na tsotse shi da zafin ƙarfe
ina riƙe da numfashi.

Ja ba na gugarta da dare.
Ta harshen wuta ce, ta Ruhu,
ta Juma'ar da aka kafa ƙusa,
ta waɗanda aka ce su musa suka ƙi.
Akwai sunaye a layinmu da ke dawo mini in na shimfiɗa ta.
Ba yau zan faɗe su ba.

Mai ruwan hoda sau biyu tak take ganin rana.
Fada kunyarta yake ji, yaran bagadi na danne dariya,
amma aikinta ke nan:
a tsakiyar jira ta ce, ku saki fuska, an kusa.

Baƙa na can ƙurya cikin leda,
gadon wani tsohon Fada da ban riska ba.
Yanzu ko makoki, shunayya ake ɗauka.

Shunayya. Ita ce ta gobe.
Rigar azumi, rigar zuba ido a hanya.
Ita kaɗai ce ta yi kusa da gidanmu.

Ubana Barmo marini ne a Ƙofar Mata.
Shekara arba'in yana juya baba da toka a rami,
hannunsa shuɗi har gwiwa.
Ranar da aka wanke shi, ruwa ya yi iya yinsa,
da launinsa aka rufe shi.

Wata rana na ce, Fada,
garin nan da shuni aka san shi tun kafin a yi titi,
yaya kabad ɗinka babu shuɗi?
Ya cire tabarau ya goge.
Ya ce, Rifkatu, littafi ya lissafa launuka,
wannan ba ya ciki.
Akwai ƙasashen da aka yi wa izini saboda Uwa Maryamu,
mu ba a ba mu ba.

Ban yi musu ba.
Baƙon gida ba ya sake wa tukunya mazauni,
ni kuma wanki aka ba ni, ba doka ba.

Amma akwai wani ƙyalle a ƙasan akwatina,
rinin ƙarshe na tsohon, har yau yana zuba a yatsa.
Na zare zare ɗaya.
Daidai inda kalmasar shunayya ta warware, ta ciki,
na ɗinke da shi. Taki bakwai, ƙanana.

Gobe in Fada ya ɗaga hannu a kan gurasa,
coci zai ga abin da littafi ya ce a gani.
Ni ina benci na ƙarshe, kusa da fanka mai ƙara,
zan san cewa marini ya hau bagadi.

Gawayi ya zama toka.
Daga can tsallaken titi ana kiran magariba.
Na rataye ta a gaba, na tura ƙofar kabad,
ta sake buɗewa kamar kullum.
Na bar ta.