Gidanmu a Mahaɗar Fallaye Huɗu

An ɗauke wuta tun la'asar a Kusiri,
batir ya ce saura kashi talatin da ɗaya.
Na ɗora kwamfuta bisa buhun shinkafar Yagwa,
na buɗe hoton da tauraro ya ɗauko daga sama:
gari guda a shimfiɗe kamar kilishi a rana,
babu wayar da za ta iya haɗiye shi.

Sai dai a yanka.
Akwai 'yar manhaja da ake maƙala wa babbar,
yadda ake ɗaura wa kwale-kwale inji.
Wanda ya ƙera ta ban san shi ba,
ban san ko yana cin barkono ba.
Ya dai haƙa rijiya, bai sa mata murfi ba,
ya rataye guga ya ce:
duk wanda ya ga igiya ta zazzage, ya tufka.

Na danna, ta shiga yanka.
Falle ɗaya ya haifi huɗu, huɗu suka haifi sha shida,
kowanne ɗigo ɗari biyu da hamsin da shida a tsaye,
haka nan a kwance.
Ba ta san gidan mai unguwa ba, ba ta san makabarta ba,
wuƙarta ɗaya ce.

A mataki na goma, Logon zare ne kawai,
Shari ma zare, sun ƙulle a wuyan Injamena.
A na sha biyar gada ta fito,
manyan motoci sun yi jerin kwarkwasa.
A na sha tara na manta da numfashi.

Ga tsamiyarmu.
Ga rufin kwanon da Baba Jatau
ya danne da tsofaffin tayoyi uku.
Ga wani fari-fari a tsakar gida,
na rantse zanen Iya Tasalla ne a kan igiya,
ko da yake ɗigo shida ne kacal, ko bakwai.

An ɗauki hoton a watan Maris.
Ruwa ya zo a Oktoba.
Tauraro bai ji labari ba.

Kuma dubi inda wuƙar ta bi.
Gidan ya faɗo daidai mahaɗar fallaye huɗu:
zaure a ɗaya, madafa a wani,
rijiya da rabin tsamiya a na uku,
ɗakin da aka yanke mini cibiya can shi kaɗai.
Ko alƙali bai taɓa raba gado haka ba.
Ta yaya lissafi ya san mun watse,
Barau a Garwa, Kande a tsallaken kogi,
ni da Iya a tantin da ke yoyo?

Tsakanin fallayen ga wani siririn farin layi,
rabin ɗigo ne ya zame a lissafi.
Dare uku ina bin sawunsa a rubutun mai rijiya,
sauro yana karɓar nasa harajin,
har na tarar da inda ake zubar da ragowa.
Na tufke, na aika masa.
Da safe amsa ta iso, gajeriya: an karɓa, madalla.
Wataƙila yau a wata ƙasa
katangar wani ma ta haɗe, bai san dalili ba.

Gobe masu kwale-kwalen agaji
za su zuba fallayen a wayoyinsu,
su shiga inda sabis ba ya kaiwa,
suna tuƙi a kan titin da ke kwance ƙarƙashinsu.

Na kai wa Iya ta gani.
Ta sa yatsu biyu ta buɗa, ta ƙara buɗawa,
har gidan ya dagargaje ya koma tsaki.
Ta ce, ba zane ba ne wannan, ke ma dai,
garin dawa na shanya, awakin Gambo suka hana ni sakat.
Ta yi shiru.
Ta ce, matso da shi in leƙa ɗaki.

Na ce, Iya, matakin ya ƙare.