Takardar Akwati Mai Lamba Tara

A ƙasan adaka na tsince ta jiya,
ƙarƙashin rasiɗan haya da tsohon katin asibiti,
an naɗe ta huɗu, kyankyasai sun ɗanɗana gefenta.
Sakamakon zaɓen kansila ne,
mazaɓarmu ta Agege, bayan layin dogo,
shekarar da kwata ta biyo mu har ɗakin kwana.

Ni ne wakilin akwati ran nan.
Ga sa hannuna can ƙasa yana rawa
kamar sawun kaza a kan taɓo.

Jam'iyya uku suka ɗaura ɗamara.
Fitila ta tsai da Ganiyu ɗan Iya Mulika,
mai gidan burodi a bakin kasuwa.
Tsani ta kawo wani lauya,
ba mu taɓa ganinsa ba sai a bango,
yana murmushi, ruwa na wanke masa haƙora.
Mu 'yan Ƙwarya muka ɗauko Sallau Tela,
jikan fataken goro, a nan aka binne cibiyarsa,
Yarabanci a bakinsa har cikin mafarki.

Keken ɗinki biyu ya sayar
muka buga hotuna a Shomolu.
Muka bi lungu, muka bi mahauta,
muka zauna da 'yan canji da masu tura baro.
Kowa ya dafa ƙirji: “Ai an gama, Tela!”
Na rubuta su a littafin bashi,
mutum ɗari uku da sha biyu.

Asabar ta zo da yayyafi.
Motocin haya suka kwanta kamar shanu,
yara suka mai da titi filin ƙwallo.
Na tsaya da littafina ina leƙen kwana.
Masu alkawari, wasu na barci,
wasu katinsu na can Arewa.

La'asar sakaliya malamar zaɓe
ta zazzage akwati a kan bencin 'yan makaranta,
tana ɗagawa, muna amsawa.
Fitila, ɗari da tamanin da huɗu.
Tsani, hamsin da ɗaya,
mutumin bango ke nan!
Ƙwarya,
ashirin da bakwai.
Na ce a sake. Aka sake. Ba ta haihu ba.

Lalatattu shida.
Ta biyar ɗin ce ta tsaya mini a wuya:
an dangwala wa duka ukun, a natse,
kuma kowane yatsa da tsaga a tsakiya.
Na san wuƙar da ta yi wannan tsaga,
ta yankan albasa ce a gidanmu.

Da dare na sami Inna Ladidi tana tankaɗe.
Ba ta ko ɗago ba.
“Fitila ta ba ni shinkafa,” in ji ta,
“Tsani ta ba ni atamfa,
Sallau ya ɗinka mini ita kyauta.
Faɗa mini wanda zan ci amanarsa.”

Ganiyu ya hau, ya yi wa'adinsa.
Ya fara gina kwatar, ban hana masa ba,
siminti ya ƙare taku goma kafin shagon Sallau.
Yanzu ruwan unguwa duka nan yake hutawa.

Sallau na nan, keken haya yake takawa.
Kowane zaɓe shi ke ɗinka hulunan kamfe,
bai tambayar launi, kuɗi kawai yake ƙirgawa.
Na kai masa takardar da safe.
Ya sa tabarau, ya daɗe a kan layin ƙarshe,
sai ya yi dariya har allura ta faɗi.

“Ashirin da bakwai ɗin nan,” ya ce,
“shekara da shekaru ina nemansu in yi godiya.
Duk wanda na tambaya, yana cikinsu.
Bara na daina ƙirgawa,
sun haura ɗari huɗu.”