Littafin Mai Baƙin Bango

Ni ce mai tsaron firigon jini a asibitin Tawa.
Shekara goma sha ɗaya ina jin gurnaninsa,
na san muryarsa in ya ƙoshi,
na san ta in zai kwana da yunwa.
Daren nan leda biyu ce a cikinsa,
biyun kuma ba irin da ake nema ba.

Watan takwas ne, sauro ya ci sarauta.
Daga Afala aka kawo yarinyar,
Tsahara, shekara huɗu,
tafin hannunta fari fat kamar an wanke da nono.
Na ja fatar idonta, babu ja ko na ƙwayar barkono.
Uwar ba ta kuka. Kukan ya ƙare a hanya.

Sai na buɗe littafina mai baƙin bango,
inda na rubuta mutanen da ba sa ce mini a'a.
Algabit mai shayi, wayarsa a kashe.
Ɗanjimo ɗan kabu-kabu ya ɗauka, ya yi shiru,
ya ce, Balkisa, jiya na je can.

Can. Kowa ya san can.
Gidan nan mai farin fenti da sanyi kamar randa,
inda na'ura ke tace jinin mutum,
ta riƙe ruwan mai kalar man gyaɗa,
ta mayar masa da jan, ta ce ba a rage kome ba.
Jikka biyar a hannu, da lemo, da biskit.
Ni me nake bayarwa?
Gwangwanin madara in an samu,
da Allah shi saka.

Ban ga laifin Ɗanjimo ba.
Tiyar hatsi ba ta jin Allah shi saka,
mai gidan haya ma haka.
Abin da ke ci mini rai, motar nan mai sanyi
da ke fita da asuba ta hanyar Ƙwanni.
An ce ruwan magani yake zama, na yarda,
wani a wata ƙasa zai tashi da shi, madalla.
Amma rijiya ɗaya ce a garin,
guga ya zama biyu,
ɗaya da igiyar kuɗi.

Ƙarfe ɗaya da rabi Illa ya shigo,
mai dakon albasa, ban ko kira shi ba,
Ɗanjimo ne ya tashe shi.
Ya naɗe hannun riga. Tabon allura a jere
kamar sawun kaza bisa rairayi.
Na ɗiga jininsa, na auna, na sake aunawa.
Na ce, Illa, ba ka da na bayarwa,
wanda ke jikinka ma bai ishe ka ba.
Ya ce, ɗiba kaɗan mana, yarinya ce, kaɗan take so.
Na ce a'a.
Ya zauna bisa benci ya rufe fuska da hula.

Wanda ya bayar, a ƙarshe, Baba Attawel ne,
mai gadin ƙofa, wanda ke tsoron allura
fiye da tsoron kunama.
Ya juya kai ga bango yana salati,
ledar na cika a hankali, da ɗumi, kamar ɗan tsako a hannu.

Da kiran assalatu leɓen Tsahara ya fara yin duhu.
Ta nemi kunu.

Na rubuta sunan Baba a shafi na ƙarshe.
Sai bayan wata uku zan iya kiransa,
damina kuwa da saura.
Illa bai tafi ba, barci ya ɗauke shi a zaune.
Na ajiye masa madarar kusa da ƙafa,
na koma na buɗe firigo,
ko da yake na san abin da ke ciki.